Zomanyata ta ɗauki ciki ban shirya ba

Filin tambaya da amsa kan noma da kiwo

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku da suka wuce na sayi 'yan zomaye biyu a kasuwa, mai sayarwa ya ce duk mata ne, na haɗa su keji ɗaya. Ashe ɗaya namiji ne. Yanzu macen cikinta ya yi nauyi, tana ɗibar ciyawa a baki tana tarawa a lungu. Ban taɓa kiwo ba, ga sanyi ya shigo. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Yau ɗin nan ki raba su, ko da a cikin kwando mai murfi za ki ajiye namijin kafin kafinta ya haɗa masa keji. Zomanya ba ta jiran wani lokaci kafin ta ɗauki ciki. Barbarar ce ke sa ta saki ƙwai, kimanin awa 10 bayan haɗuwa. Shi ya sa takan ɗauki sabon ciki a ranar da ta haihu idan namiji na kusa. Sai ta haɗa goyo da ciki, ta rame, nono ya ƙafe da wuri, bayan wata guda wasu 'ya'yan su faɗo kan na fari. Wannan ciki na biyu ya fi na yanzu ba mu tsoro.

Cikin zomo kwana 31 ne, yakan zo tsakanin 28 da 33. Tunda ba ki san ranar da ta ɗauka ba, ki ɗauka haihuwa ta matso. Kada ki mammatsa cikinta don ki tabbatar. Lalube aikin gogaggen hannu ne a kwana na 12 zuwa 14. A ƙarshen ciki matsi na iya jawo ɓari. Akwai kuma cikin ƙarya, wanda ke sa ta tara ciyawa a kwana na 16 zuwa 18 ba komai a ciki, amma wadda ta kwana da namiji wata uku, a shirya mata kawai.

Akwatin haihuwa a ƙa'ida rana ta 28 ake sa shi, ke kuwa sa shi yanzu. Na katako, tsawo santimita 45, faɗi 30, tsayi 30, a rage bangon gaba zuwa santimita 15 don uwa ta iya tsallakawa, 'ya'ya kuwa su kasa fita. A huda ƙananan ramuka a ƙasa fitsari ya rinƙa tsiyayewa, a cika shi rabi da busasshiyar ciyawa mai laushi. Mun san auduga ba ta da wuya a ƙasar nan, amma kada ki sa ta, haka ma tsumma mai zare: zaren kan nannaɗe ƙafar jariri har jini ya tsaya. Ita da kanta za ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, kuma in kin ga haka saura kwana ɗaya ko 'yan awoyi. Kada akwatin ya zauna a lungun da take kashi. Da daddare ki rufe gefen da iskar hunturu ke bugowa da buhu, ki ɗage shi da hantsi.

Abinci: harawar wake ko ta gyaɗa kada ta yanke, dusa kamar gram 100 zuwa 150 a rana da ɗan barbaɗen gishiri da ɗan tunkuza, sai ganyen dankali ko zogale da aka bari ya ɗan yi yaushi. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar. In ta rage ci kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa ba ciwo ba ne. Bayan haihuwa ki rinƙa ƙara dusar kaɗan-kaɗan cikin mako guda, don mai shayarwa na cin ninkin abin da ta saba.

Galibi da dare ko asuba take haihuwa, cikin minti 10 zuwa 30, 'ya'ya 4 zuwa 10, tsirara, ido a rufe. Ba ta son taimako, shiru take so. A hana yara leƙe. Da safe ki ba ta ganye ta shagala, ki wanke hannu, ki buɗe sheƙar: ƙirga su, cire matacce da ragowar mabiyiya, mayar da gashin ki lulluɓe. Taɓa su ba ya sa ta ƙi su. Wanda kika tarar a waje ya sandare, kada ki yi saurin jefarwa. Sa shi a jikinki cikin zane har ya ɗumama ya fara motsi, sannan ki mayar da shi tsakiyar 'yan'uwansa, domin zomanya ba ta ɗaukar ɗanta ta mayar sheƙa. Mai haihuwar fari kan zubar da su a daɓen keji, kuma a hunturu wannan shi ke fi kashe su.

In ta fi awa guda tana yunƙuri babu ɗa, ko jini na zuba sosai, ko ta kwanta ta ƙi ci bayan haihuwa, kai ta ofishin likitan dabbobi na MINEPIA (ma'aikatar kiwon dabbobi ta Kamaru) mafi kusa. Kada ki ɗura mata amoksisilin ko ampisilin na mutane: suna kashe ƙwayoyin hanjinta masu amfani, zawo ya biyo baya, sau da yawa har da mutuwa.

Tambaya: Tawa ta haihu a watan Afrilu, gari ya waye ta cinye biyu. Wasu sun ce in yanka ta, halinta ke nan. Daga wani matashi a Marwa.

Amsa: Kada ka yanka ta tukuna, ɗan'uwa. Duba kwanon ruwanta. Mai haihuwa na fitowa da ƙishi mai tsanani, mai shayarwa kuma kan sha fiye da lita guda a rana, balle a zafin Marwa da ke haura digiri 40. Har yanzu akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, kuma wannan magana ta hallaka 'ya'ya da yawa. Sauran dalilan su ne firgita daga ɓera, kyanwa ko kare, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wani lokaci kuma 'ya'yan a mace suka zo, ita share sheƙa ta yi. Sa mata kwano mai nauyi da ba za ta kifar ba, mayar da kejin inuwa, rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, ka rage gashin da ke kan 'ya'yan da rana. Ƙafafun keji su tsaya cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda tururuwa. Nan gaba ka guji haɗa barbarar da haihuwarta za ta faɗo a Maris ko Afrilu. In ta maimaita sau biyu bayan ka gyara waɗannan, to a fitar da ita daga kiwo.

Tambaya: Kwana uku ban ga zomanyata tana ba 'ya'yanta nono ba. In ba su madarar shanu? Daga wata ɗaliba a Kusiri.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Sau ɗaya take shayarwa a rana, wani lokaci biyu, minti 3 zuwa 5, yawanci da dare. Duba cikinsu da safe: in ya yi tumbur, fata a miƙe, sun sha. In ya lotse, fata ta tattare, riƙe uwar a hankali a kan akwatin su kama. In kuma sun fi 8, kai ƙarin wurin wata zomanyar da ta haihu kusan rana ɗaya da ita. Madarar shanu ta yi musu tsinkewa, takan kuma sa su zawo. Za su buɗe ido a kwana 10 zuwa 12, su fara fitowa a mako na 3, a yaye su a mako na 6. Kafin su cika mako 10 ki raba maza da mata: danna gaban a hankali da yatsa, na namiji zai fito zagayayye da rami a tsakiya, na mace kuwa tsaga ce doguwa da ta nufi wajen dubura.