Ta ce ina "hogging", shin alade ta kira ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Amurka, gida ɗaya muke zaune da wata Baturiya. Ran nan da safe na daɗe a banɗaki, sai ta ƙwanƙwasa ƙofa tana dariya ta ce, "Stop hogging the bathroom." Da na duba ƙamus sai na ga hog alade ne. Yau kwana biyu ke nan ko gaisuwarta ba na amsawa. Zagina ta yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki saki ranki, ba ta zage ki ba. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rabin zancen kawai ya ba ki.

Hog dai alade ne, musamman ƙaton da aka kiwata don yanka, kuma a bakin manoman Amurka kalmar ta fi yawa. Amma tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 Amurkawa suka mayar da ita aikatau, suna nufin mutum ya kankane abin da ya kamata a raba. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙaton alade ke cusa kai da ƙafafun gaba cikin kwamin abinci, yana ture ƙanana da kafaɗa, ya san inda suka samo hoton. Yau yawancin masu faɗinta ba sa ma tuna dabbar. Yaro na faɗa wa yayansa ita in ya riƙe rimot ɗin talabijin ya hana kowa, mata na faɗa wa miji in ya janye bargo duka a daren sanyi. Direban da ya bi tsakiyar titi ya hana na baya wucewa kuwa, road hog suke ce masa.

Da Bahaushiya ce a bakin ƙofar nan, cewa za ta yi, "Haba, kin yi babakere a banɗaki!" Fassarar ke nan: babakere, ko kankanewa. In kan abinci ne sai mu ce handama ko zari. In dukiyar jama'a ce wani ya danne, mu ce ya yi rub da ciki a kanta.

Na fahimci abin da ya sosa miki rai, kuma ban ga laifinki ba. A wurinmu alade ƙazanta ne, haram ne, kiran mutum da sunansa cin mutunci ne da kan kai ga dambe. Ki lura ma, sunayen da muka fi kiransa da su na aro ne: alade daga Yarbanci, alhanzir daga Larabci. Na daji kuwa mugun dawa muke ce masa. Dabbar da ba mu zauna da ita a gida ba, ba mu san halin cinta ba balle mu yi misali da shi. Mu kura muka ɗora wa haɗama, shi ya sa muke cewa ba a ba kura ajiyar nama. Bature kuwa alade ya gani a bayan ɗakinsa kullum, da shi ya yi nasa misalin.

Sai dai ki riƙe wannan bambancin, don yana da amfani. In aka ce kina hogging wani abu, ƙorafi ne mai sauƙi a kan abin da kika aikata. In kuwa aka dube ki aka ce "you pig" ko "swine", wato an kira ki alade kai tsaye, wannan zagi ne ko a wurinsu, kina da damar nuna ɓacin ranki.

Ita abokiyar zamanki da dariya ta yi maganar. Gobe da safe ki riga ta gaisuwa, ki gaya mata yadda sunan dabbar nan yake da nauyi a kunnen Bahaushe, don da wuya in ta sani. Sannan ku tsara lokacin wanka tsakaninku.