Muryar Injiniya kan hanyar unguwa: siminti ko jiyofolima?

Salamu alaikum. Kawu Alhaji, na saurari saƙonka, Allah ya ƙara girma. Ka ce tunda siminti ya yi tsada, me zai hana a gauraya ƙasar hanyar da wannan jiyofolimar da yaran nan suka turo, wato haɗin tokar nan da ake cewa zai maye gurbin siminti. To ni dai abin da na ji kana tambaya shi ne, me ya sa hanyar take farfashewa duk damina.

Ƙasarmu ce matsalar. Baƙar lakar nan, irin ta wajen Numan da Dikwa har Gamborun Ngala, in ta sha ruwa kumbura take yi, in rani ya zo ta tsage har ƙafar yaro ta shige. Ka shimfiɗa mata kwalta, ita ma kwaltar ta bi ta. Irin wannan ƙasa ba a fara mata da siminti, laim take so, wato garin farin dutsen nan da ake gasawa, shi ke kashe mata danƙo. Siminti ya fi shiri da burji da jar ƙasa mai yashi-yashi, a nan siminti kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyin ƙasar yakan isa. A laka kuwa sai ka wuce 10, ga shi ba ta gaurayuwa, sai ta dunƙule.

Kuma a daina raina kashi 5 ɗin nan. Hanya mai faɗin mita 7.3, kauri santimita 15, kilomita ɗaya kacal, ana maganar buhu sama da 2,000 ne. To ku lissafa.

Abin da ke ƙona min rai, wani aiki da na taɓa tsayawa a kai, ba zan faɗi wurin ba. Aka zazzage siminti tun hantsi, gireda ta juya, aka yayyafa ruwa, sai aka ce rola ba mai. Rola ba mai! Alhali da zarar ruwa ya taɓa siminti, awa 2 gare ka ka danne shi. Sai bayan la'asar aka kawo jarka, ƙasa ta riga ta kama, rolar ta hau tana murƙushe abin da ya haɗu. Na yi magana, aka ce yaro ne, karatu na damun sa. Sannan kwana 7 da ya kamata a riƙa jiƙa wurin, tankar ruwa ta tafi wani aikin, ’yan tifa kuma suka buɗe shinge da kansu. Damina ɗaya, wallahi. Kuma har yau cewa suke simintin ne ba kyau.

Ina ma muka tsaya... yauwa, jiyofolima. Ba ƙarya ba ce. Wani Bafaranshe, Davidovits, shi ya raɗa mata suna a shekarun 1970. Toka ce mai sinadarin silika da alumina, kamar tokar kwal ko farar ƙasa irin ta Ƙanƙara da aka gasa a zafin digiri 700 na Salshiyas ko kusa, a kwaɓa da ruwan soda mai ƙarfi, ta daskare kamar dutse. Tokar ɓuntun shinkafa ma tana shiga, kuma ga ta jibge a bayan injinan casa. A'a, tsaya, ba wadda ake ƙonawa a fili ba, waccan gawayi ya yi mata yawa, sai an ƙona ta da lissafi. Amma sodar fa? Ita ce ta masu sabulu, tana cin fata, kuma kuɗinta na bin dala. Wa zai tsaya kan leburori da safar hannu da tabarau, mu da man rola ya gagare mu? A ɗakin gwaji na jami'a tana ba da sakamako mai kyau, ban musa ba.

Ni shawarata, Kawu, a fara da kwata, ruwa ya samu hanyar fita. Sannan a haƙa rami uku ko huɗu, zurfin mita ɗaya, a ɗebi ƙasa a buhu a kai gwajin CBR, wato na auna ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi, a jiƙe fa, ba a bushe ba. Sakatare, kai kana kusa, ɗauko min hoton wajen kwalbatin nan na bakin masallaci kafin magariba.