Zan iya yi wa motata juyen baƙin mai a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Birni a nan Damagaram, ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 da ta ci sama da kilomita 200,000. Ina son in riƙa yi mata juye da kaina, don ban cika yarda da man da ake zuba mani a garaji ba. Abu ne da mutum zai iya a gida? Kuma abokaina sun ce saboda zafin garinmu in riƙa zuba 20W-50, kuma kada in juye sai man ya yi baƙi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, noti ɗaya ne da filta ɗaya. Sai dai tunda rashin yarda da mai ne ya kore ka daga garaji, yin aikin a gida bai raba ka da matsalar ba. Galan ɗin da aka sake cikawa da man banza aka liƙe bakinsa, kai ma ana iya sayar maka da shi. Ka saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka duba zoben murfin bai tsinke ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ka bar wa masu shi, don babu wanda zai faɗa maka asalinsa.

Zancen 20W-50 akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba da motarka ake ba. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya kwana ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. To inji mai lafiya kusa da wannan zafin yake aiki, ko a Afrilu da Mayu da garin nan ke haura digiri 40, ko a sanyin Janairu. Lagireto da fanka ne ke riƙe zafin, ba kaurin mai ba. Injin Corolla irin taka VVT-i ne, da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗe bawul, kuma hanyoyin man da ke cikinsa sirara ne. Mai mai kauri sosai yakan yi jinkirin isa sama da safe, kuma a waɗannan ƴan daƙiƙun ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Toyota 5W-30 ta fi rubuta wa wannan inji. Ganin shekarun motar da nisan da ta ci, idan ta fara shan mai kaɗan, ba na ƙin 10W-40, ko 15W-40 idan shan ya yi yawa. Shi 20W-50 na tsofaffin injuna ne irin Peugeot 504 da suka riga suka saki jiki. Ka kuma duba haruffan API, masu nuna ajin man, a bayan galan: mai shan fetur S take so, wato SL, SM, SN ko SP. Masu farawa da C na gazuwal ne.

Batun jiran baƙi kuma kuskure ne ta fuska biyu. Mai mai kyau yana da sinadarin wanke inji, yana kwashe dauɗa ya riƙe ta a jikinsa, don haka yin baƙi alama ce yana aikinsa. A motar gazuwal ma, kana zubawa yau, gobe ya yi baƙi ƙirin. A ɗaya ɓangaren, mai yana iya mutuwa launinsa bai sauya sosai ba. Launi ɗaya ne zai sa ka ajiye mota nan take: idan ka zaro geji, wato ƙarfen auna mai, ka ga man ya koma kamar shayi da madara. Ruwan lagireto ne ya shiga, galibi gasket ɗin kan inji ya ƙone, kuma juye ba ya maganin wannan.

Da kilomita da watanni ake lissafi. Littafin motar da aka shigo da ita daga Turai zai iya ce maka kilomita 10,000 ko 15,000, amma da titunansu aka auna. Mu nan ƙurar hunturu kaɗai ta isa, ga yashi, ga burji idan ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan Magarya ko Mirya, ga gajerun tafiye-tafiye daga gida zuwa Kasuwar Dole da inji bai gama ɗaukar zafi ba an kashe shi. Duk wannan masu ƙera mota aiki mai tsanani suke kiransa. Shawarata kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Kuma kowane juye ka buɗe filtar iska ka ɗaga ta a rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ko ta yage ko da kaɗan, sauya ta. Ƙurar da ta wuce ta nan cikin man take ƙarewa, kuma ita ke cinye zoben fistan fiye da komai a ƙasarmu.

Yanzu aikin kansa. Ka tanadi wajen lita 4 na mai (ka duba littafin motar ka ga ainihin yawan da injin ke ɗauka har da filta), sabuwar filta, sabon washa na notin juye, sifana lamba 14 mai zobe, abin kwance filta, mazurari, tsumma, da tsohuwar roba mai faɗi da ba za ta sake komawa madafa ba. Ka zaɓi safiya marar iska. Ranar da hazo ya rufe gari ba ranar buɗe inji ba ce.

Inda nake son ka natsu shi ne ɗaga mota. Ƙofar gidajenmu yashi ne, jak kuma a kan yashi nutsewa yake yi ko ya karkace. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Bulo ma ba abin dogara ba ne, yana fashewa ba tare da ya ba ka sanarwa ba. Ka nemi daɓen siminti mai lebur, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya da dutse, ka sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota ko katako mai kauri. Idan babu ko ɗaya, ɗauki galan ɗinka da filtarka ka je garaji mai rami, ka biya kuɗin hannu, ka tsaya a zuba a gabanka. Wannan ma ya biya buƙatar da ta sa ka yi tambaya.

Ka tayar da inji kamar minti 5 don man ya saki, ka kashe. Kada ka yi aikin bayan doguwar tafiya, man yana iya sale maka hannu. Buɗe murfin zuba mai na sama, sannan ka shiga ƙasa ka tabbatar notin kaskon inji ka kama, domin na giya yana nan kusa, kuma sababbin hannu sukan zubar da man giya su ƙara wa inji a kan wanda ke ciki. Kwance shi ta hagu, zaren ƙarshe ka cire da yatsa kana danna shi ciki, sai ka janye hannu da sauri. Man zai yi tsalle gaba kafin ya miƙe, don haka ka ɗan gusar da robar. Ba shi minti 10 ya tsiyaye. Kafin ka ɗauke robar ka haska ta: idan ka ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, kai motar wurin makaniki.

Da ka cire tsohuwar filta, duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. Yakan maƙale a jikin inji, idan ka ɗaura sabuwa a kansa zobe ya zama biyu, man zai fece a hanya cikin ƴan mintuna. Shafa wa zoben sabuwar ɗan mai da yatsa, ka murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa mata ƙarfe. Notin ma da sabon washa, ka ɗaure ya kama, kada ka sa ƙafa ko ka ƙara wa sifana bututu. Zare idan ya cinye, abin da za ka kashe ya fi kuɗin juye da yawa.

Zuba lita 3 da rabi tukuna. Tayar da inji ba tare da taka totur ba, ka zuba wa fitilar mai ido. Cikin daƙiƙu kaɗan ya kamata ta mutu, idan ta ƙi, kashe nan take. Leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, sauke motar, jira minti 5, zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa. Man ya tsaya kusa da alamar sama, kada ya haura ta. Yawan mai yana sa kumfa, yana kuma tura mai ta bakin sil. Tsakanin alamomin biyu wajen lita ɗaya ne ko sama kaɗan, don haka kaɗan-kaɗan ake ƙarawa.

Tsohon man kada ya shiga kwata, ko shadda, ko ramin bayan gida. Kowa ya san yadda ruwa yake da wuya a Damagaram, kuma abin da aka zuba a yashi damina ce ke kai shi tafki da rijiya. Masu shafa wa dabbobi a kan ƙazuwa ko gyambo su ma su daina, akwai gubar ƙarfe a cikinsa. Ka ɗura shi a galan ɗin da ka juye, ka kankare tambarin don kada wani ya sake sayar da shi a matsayin sabo, ka miƙa wa garajin da ke tarawa. Sannan ka rubuta kwanan wata da kilomitar da mota take a ƴar takarda, ka manna a jikin ƙofar direba, kuma washegari da safe kafin ka tayar ka sake duba geji da ƙasan motar.