Tambaya da Amsa: Rubutun Wa Zan Miƙa wa Matasanmu?

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ɗan Lutheran ne tun haihuwa, kuma yanzu an ɗora mini shugabancin matasa a ikkilisiyarmu. Kwanan nan na ci karo da rubuce-rubucen wasu da ke cewa su ne masu riƙe da shaidar bangaskiya ta asali. Wasu sun ƙara mini sani ƙwarai, wasu kuwa faɗa ne tun daga layin farko har na ƙarshe. Me ya bambanta su da sauran 'yan Lutheran? Ka ba ni sunayen waɗanda ka amince da su, don matasa na ta tambayata abin da za su karanta. Ɗanka, shugaban matasa.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba ka ikon ɗaukar wannan kaya. Sunaye ka nema, amma ba da marubutan yau zan fara ba, domin dukansu wuri guda suke cewa sun ɗebo, kai kuwa ba ka ce mini ka taɓa zuwa wurin ba.

Wurin shi ne Littafin Concord, wanda aka fitar a Dresden ta ƙasar Jamus ranar 25 ga Yuni, 1580. An zaɓi ranar da gangan, don ta cika shekara hamsin cif da karanta Shaidar Augsburg a gaban Sarki Charles na Biyar a 1530. A cikinsa akwai tsofaffin shaidun bangaskiya uku, ta Manzanni, ta Nikiya da ta Atanasiyus. Akwai ita Shaidar Augsburg da Philip Melanchthon, abokin aikin Luther, ya rubuta, da kariyar da ya yi mata a 1531, da katakisma biyu na Martin Luther, ƙarama da babba, na 1529, da batutuwan Smalkald na 1537, da bayanin Melanchthon kan ikon Paparoma, sai yarjejeniyar 1577. Ita wannan ta ƙarshe rikici ne ya haife ta. Bayan rasuwar Luther a 1546 almajiransa sun shafe shekara talatin suna jayayya kan Jibin Ubangiji, da ayyukan kirki, da ikon ɗan Adam wajen tuba, kafin Jakob Andreae da Martin Chemnitz da abokan aikinsu suka zauna suka warware batutuwa goma sha biyu. Fastoci da malamai fiye da 8,000 suka sa hannu.

To, ga bambancin da ka tambaya. Wani fasto zai ce ya yarda da littafin nan gwargwadon yadda ya yi daidai da Littafi Mai Tsarki. Wani kuma zai ce ya yarda da shi domin ya bincika ya tabbatar daidai yake da Littafi Mai Tsarki. Na biyun su ne mutanen da ka ci karo da su. Hujjarsu ita ce alkawarin farko bai ɗaure kowa ba, tunda kowane littafi a duniya ana iya yarda da shi gwargwadon inda ya yi daidai. A nan ina tare da su. Tumaki na da haƙƙin sanin abin da makiyayinsu ya yi alkawarin koya musu.

Zafin da ka ji a rubutun wasunsu ma yana da asali. A 1817 Sarki Frederick William na Uku na Prussia ya fara haɗa 'yan Lutheran da mabiya koyarwar Calvin a ikkilisiya ɗaya, alhali tun taron Marburg na 1529 Luther da Zwingli, ɗaya daga iyayen wancan ɓangaren, suka rabu kan ko jiki da jinin Almasihu suna cikin gurasa da ruwan inabi da gaske. Fastocin da suka ƙi haɗin an tuɓe wasu, an ɗaure wasu, jama'arsu da yawa suka yi hijira zuwa Ostiraliya da Amurka. Wani ayari daga Saxony ya sauka a jihar Missouri a 1839, daga cikinsa aka sami C. F. W. Walther, shugaban farko na majalisar ikkilisiyoyin Missouri da aka kafa a 1847. Jikokin waɗannan mutane sun gaji tsoron kada a sake narkar da koyarwarsu da sunan haɗin kai. Na fahimci wannan tsoro, amma bai zama lasisin cin mutunci ba.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma kada ka raina shi. Ka ɗauko Ƙaramar Katakisma da ka haddace kana yaro ka sake karanta ta da idon babba. Luther ya rubuta ta ne bayan ya zaga ikkilisiyoyin ƙauyukan Saxony ya tarar mutane, har da wasu fastoci, ba su iya Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma ba, kuma a hannun magidanta ya sa ta don su koya wa iyalinsu. Daga nan ka wuce Shaidar Augsburg. Batutuwa 28 ne, 21 kan koyarwa, 7 kan abubuwan da aka gyara, kuma ana gama su a zama biyu. Ka daɗe a kan na huɗu, wanda ya ce mutum yana barata, wato ana karɓarsa a matsayin mai adalci, a gaban Allah kyauta, saboda Almasihu, ta wurin bangaskiya. Sannan Babbar Katakisma, wadda asalinta wa'azi ne, shi ya sa take da daɗin karatu a cikin taro. In ka ƙara ƙarfi, ka nemi laccocin Walther na 1884 zuwa 1885 kan rarrabe Shari'a da Bishara. Ga ɗaliban fasto ya yi su da yammacin Juma'a, amma ni ban san wani abu da ya fi su gyara kunnen mai sauraron wa'azi ba.

Da waɗannan a hannunka, kai da kanka za ka auna marubutan. Abin da na fi dubawa shi ne inda mutum yake barin mai karatu. Shari'a tana nuna zunubi, wannan aikinta ne, kuma marubucin da ke tsoron faɗinta bai yi adalci ba. Amma in ka gama shafi bayan shafi ka san kuskuren kowace ɗarika a duniya, ba a ce maka ko sau ɗaya an gafarta zunubanka saboda Yesu ba, to wannan ya ɗauko kwanon ya bar abincin. Yaron da ya zo maka da lamiri mai nauyi, yana shakkar ko Allah zai karɓe shi, wanda zai mai da shi ga baftismarsa da teburin Ubangiji yake bukata. Irin wannan marubucin nake miƙa wa mutane ko da Turancinsa bai goge ba.

Sai ka lura da yadda yake maganar abokan jayayyarsa. Bayanin doka ta takwas a katakisma ya ce mu kare maƙwabci, mu faɗi alheri a kansa, mu kyautata masa zato. Wanda ya laƙa wa wani maganar da bai faɗa ba ya karya littafin da yake cewa yana karewa. Haka kuma wanda ya mai da rigar fasto ko salon waƙa ma'aunin bangaskiya, ka buɗe masa batu na bakwai na Augsburg: yarda kan Bishara da sakramenti ya isa ga haɗin kan ikkilisiya, ba dole al'adun da mutane suka tsara su zama iri ɗaya ko'ina ba.

Kada ka miƙa wa yaran nan abin da ba ka karanta har ƙarshe ba, kuma ka nuna wa fastonka kafin ya shiga hannunsu. Shi aka kira ya ba da lissafin rayukansu.

TAMBAYA: Baba, wani ya ce mini duk ikkilisiyar da ke cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya ta bar koyarwar Luther. Hankalina ya tashi, don tamu tana ciki. 'Yarka, malamar makarantar Lahadi.

AMSA: 'Yata, kwantar da hankalinki. An kafa tarayyar a Lund ta ƙasar Suwidin a 1947, kuma akwai wata majalisa dabam da aka tsara a 1993, inda ikkilisiyoyi irin ta Missouri suke. Saɓaninsu na gaske ne. Misali, tarayyar ta sa hannu kan sanarwar barata tare da Katolika a Augsburg a 1999, ikkilisiyoyin waccan majalisar kuwa suka ƙi, suna ganin ba a warware ainihin maganar ba. Amma ikkilisiyoyin da ke cikin tarayyar ba bakinsu ɗaya ba a kan abubuwa da yawa, kowace kuma da tsarin mulkinta. Ki roƙi fasto ya nuna miki sashen koyarwa a tsarin mulkin taku, inda aka jera shaidun da kuka ɗaure kanku da su, sannan ki kwatanta shi da abin da ake wa'azi ranar Lahadi da abin da ke cikin littafin da aka ba ki ki koya wa yara. In kin ga sun rabu, ki same shi da katakisma a hannu ki tambaye shi cikin ladabi.