Tambaya da Amsa: Tsofaffin Wasannin Tebur da Masoya Suka Mayar Wasannin Kwamfuta

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun taru a kan abu guda, wato wasannin kwamfuta da masu sha'awa ke ginawa da kansu daga tsofaffin littattafan kasada na Dungeons & Dragons. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, kuma mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci karo da wasu wasanni na kyauta da aka ce ba kamfani ne ya yi su ba, masoya ne suka ɗauko su daga littattafai. Ta yaya littafi ke zama wasan kwamfuta, kuma da me suke gina shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Asalin abin wasan tebur ne wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR. Mutane kan zauna kewaye da tebur, kowa da gwarzon da yake wakilta a rubuce a takarda, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama jagoran wasa: shi ke bayyana abin da ake gani, shi ke magana da bakin dodanni da mutanen gari, shi ke yanke hukunci idan an jefa ɗan lido. Don a rage wa jagoran wahala ne kamfanin ya shiga buga ƙananan littattafai masu ɗauke da taswirar kogo ko kurkukun ƙarƙashin ƙasa, an sa wa kowane ɗaki lamba, an rubuta abin da ke cikinsa na dodo, tarko ko dukiya. Wasunsu sirara ne ƙwarai, domin na farko a jerin yaƙi da ƙattai, wanda ya fito a 1978, shafi 8 ne kacal.

Littafin da aka tsara shi ɗaki bayan ɗaki ya riga ya yi rabin aikin mai gina wasan kwamfuta, abin da ya rage shi ne kayan aiki. Kamfanin SSI ya fitar da Forgotten Realms: Unlimited Adventures a 1993, manhajar da ta ba kowa damar gina nasa wasan da injin, wato manhajar da ke tafiyar da wasa, wanda ya samo asali daga wasan Pool of Radiance na 1988, kuma masu amfani da ita sun mayar da littattafan TSR masu yawa zuwa kwamfuta. Babbar ƙofa ta buɗe ne a 2002, lokacin da BioWare na ƙasar Kanada ya saki Neverwinter Nights tare da kayan gininsa mai suna Aurora, inda mutum zai shimfiɗa ɗakuna, ya dasa dodanni, ya rubuta hirarraki, sannan ya ɗaura su duka da gajerun umarni a wani harshen kwamfuta mai kama da C. Dubban wasanni sun fito daga hannun masoya ta wannan hanya. Neverwinter Nights 2 ya biyo baya a 2006 da nasa kayan ginin, haka kuma Solasta, wanda wani kamfanin Faransa ya fitar a 2021. Akwai ma waɗanda suka bi doguwar hanya: ƙungiyar masoya ta Circle of Eight ta ɗauki The Temple of Elemental Evil na 2003, wasan da ya fito da kurakurai da yawa, ta shafe shekaru tana gyara shi, daga bisani ta gina wasa daga littafin The Keep on the Borderlands a kan injinsa.

Tambaya: Na buga ɗaya daga cikin nau'o'in The Keep on the Borderlands da aka yi wa kwamfuta, na tarar babu wani labari a ciki, daga kogo sai kogo kana ta kashe dodanni. To mene ne abin yabo a littafin da ake ta kambamawa haka?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka yi kuskuren gani ba, sai dai abin da ka buga rabin littafin ne, kuma rabin da ya fi sauƙin ɗauka. Gygax ya rubuta wannan littafi, wanda ya fito a 1979, domin sababbin 'yan wasa da sabon jagora, kuma da gangan ya bar gurabe a cikinsa. Littafin yana magana ne a kan wata ganuwa a bakin iyaka da kogunan dodanni da ke kusa da ita. Mutanen da ke cikin ganuwar ba su da sunaye, akwai mai mulkin ganuwa, akwai maƙeri, akwai mai masauki, amma jagora ne zai raɗa musu suna ya ba su hali. Dodannin kogunan kuma ƙabilu ne masu gaba da juna, ta yadda mai wayo zai iya haɗa su faɗa ya koma gefe. Akwai wani ƙaton dodo da wata ƙabila ke biyansa don ya kawo mata ɗauki, wanda idan aka ba shi abin da ya fi tsoka zai iya janye jikinsa. Akwai wani limamin addininsu mai fara'a a cikin ganuwar, wanda zai yarda ya raka ku kogo, alhali ɗan leƙen asirin abokan gaba ne da ke jiran lokacin da kuka shiga matsi ya juya muku baya. Duk waɗannan 'yan layuka ne a takarda, mutumin da ke kan kujerar jagora ne ke hura musu rai gwargwadon abin da 'yan wasa suka faɗa. Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da magini ya rubuta mata tun farko, saboda haka idan bai zauna ya rubuta hirar cin hanci da ƙaton dodon nan ba, babu abin da ya rage tsakaninka da shi sai takobi.

Dokokin ma sun sauya, kuma sauyin ya taɓa zuciyar wasan. A tsofaffin dokoki, kowane tsabar zinariya da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne na ƙwarewa, alhali ƙaramin dodo maki 5 kawai yake bayarwa, ga shi mayaƙi na buƙatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Matsafi a matakin farko yana da tsafi guda a rana, kuma ƙarfin ransa ba ya wuce abin da ɗan lido mai fuska huɗu ya ba shi. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya san cewa faɗa asara ce, riba tana wajen lallaɓawa a kwashe dukiya a fito da rai. Neverwinter Nights kuwa an gina shi ne a kan bugu na uku na dokokin, na shekarar 2000, inda akasarin maki ke zuwa daga dodannin da aka ci da yaƙi. Littafin ya yi tanadin tawaga ta mutum shida zuwa tara, wasan kwamfutar a asalinsa gwarzo ɗaya ne da mataimaki. Dole magini ya rage dodannin ko ya ƙara wa gwarzon ƙarfi, kuma ko wanne ya zaɓa, tsoron da aka gina littafin a kansa ya ragu.

Har girman ɗakuna ba ya tsira. A tsofaffin taswirori kowane murabba'i ƙafa 10 ne, kimanin mita 3, amma kowane falle na ƙasa a Aurora mita 10 ne, don haka matsattsen lungun da mutum biyu za su iya tarewa yakan koma fili mai faɗi. Injin kuma bai san hawa bango ba, bai san iyo ko tashi sama ba, sai dai a yi dabara a sa ɗan wasa ya danna igiya a tambaye shi ko yana so ya hau.

Inda wannan giɓi ya fi fitowa fili shi ne Tomb of Horrors na 1978. A ƙarshen doguwar farfajiyar shiga kabarin akwai fuskar wani koren shaiɗan a jikin bango, bakinsa a wangame, cikinsa baƙi ƙirin. Duk wanda ya kutsa ciki ya hallaka nan take, babu jifan ɗan lido, babu dawowa. A tebur, 'yan wasa kan daɗe a gaban wannan baki suna gardama, wani ya zura sanda mai tsawon ƙafa 10 ya janyo ya ga ƙarshenta ya ɓace, sai jikin kowa ya yi sanyi, domin gwarzon da aka shekara ana raino ne ake shirin jefawa. A kwamfuta mutum zai adana wasansa, ya shiga bakin, ya mutu, ya dawo da wasan, ya wuce abinsa cikin minti guda. A ganinmu wannan littafi na cikin waɗanda ba su dace da kwamfuta ba, komai ƙwarewar mai ginawa.

Amma a yi adalci, akwai inda kwamfuta ta fi mutum. Ba ta manta adadin kiban da suka rage, ba ta gajiya da lissafin sulke, kuma tana ɓoye abin da ke bayan ƙofa fiye da jagoran da fuskarsa kan tona shi. Ravenloft na 1983, wanda Tracy da Laura Hickman suka rubuta, yana da wani duba da ake yi da kati wanda ke sauya wuraren da aka ɓoye muhimman kayayyaki da kuma manufar maƙiyin a kowane zama, irin aikin da na'ura ke yi ba tare da kuskure ba. Idan kana son abin da ya fi kusa da asali, Neverwinter Nights yana da tsarin da mutum zai shiga ta intanet a matsayin jagora, ba a ganinsa, yana sarrafa dodanni yana magana da bakinsu. Ka sake gwada kogunan nan da abokai da jagora mai rai, sannan ka yanke hukunci.

Tambaya: Shin doka ta yarda da wannan aiki, ko satar fasaha ce?

Amsa: Malam, littattafan suna da mai su. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999, don haka haƙƙin mallakar rubutun da taswirorin da zane-zanen yana hannunsu. Inda mutane ke ruɗewa shi ne batun buɗaɗɗen lasisin da kamfanin ya fitar a 2000, da kuma sakin ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba kowa damar amfani da abu kyauta, a Janairun 2023, bayan hayaniyar da masoya suka tayar kan yunƙurin sauya lasisin. Abin da aka saki dokokin wasa ne, ba littattafan kasada ba. Kamfanin yana da ƙa'idar ayyukan masoya wadda ta shardanta cewa aikin ya zama kyauta kuma a bayyana cewa ba na kamfanin ba ne, amma wannan sassauci ne da zai iya janyewa, ba mallaka ba ce ya ba kowa. A aikace, waɗannan wasanni sun daɗe a fili saboda ba a sayar da su, kuma yawancinsu ba sa tashi sai mutum ya sayi wasan da aka gina su a kai. Wanda ya sa farashi, ko ya kwafe rubutun littafin baki ɗaya ya raba, ya fita daga wannan inuwa.

Tambaya: Ni mace ce mai sha'awar gina irin wannan wasa, amma ban iya rubuta manhaja ba. Daga ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, rashin iya rubuta manhaja ba zai hana ki farawa ba. Kayan ginin Solasta sun fi sauƙin koyo, ga shi ana faɗa a cikinsa bi da bi a kan murabba'ai kamar yadda ake yi a tebur, sai dai abin da za ki iya yi da hira da labari bai kai na Aurora ba. Aurora tsoho ne, amma kamfanin Beamdog ya sabunta Neverwinter Nights a 2018, yana tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kuma akwai mataimakin da ke rubuta miki sauƙaƙan umarni idan kin zaɓi abin da kike so ya faru.

Shawararmu ita ce kada ki fara da babban littafi irin The Temple of Elemental Evil na 1985, wanda kurkukunsa hawa-hawa ne da ɗakuna sama da ɗari. Ɗauki kogo guda mai ɗakuna kaɗan. Kafin ki taɓa kwamfuta, karanta bayanin kowane ɗaki ki rubuta a takarda hanyoyi uku da ɗan wasa zai iya bi da shi ban da faɗa, kamar rarrashi, yaudara, cin hanci ko lallaɓawa ta baya, sannan ki duba waɗanda injin zai iya ɗauka. Ki ba da maki ga wanda ya wuce dodo da wayo daidai da wanda ya kashe shi, in ba haka ba kowa zai zaro takobi. Ki raɗa wa mutanen gari sunaye, ki ba kowannensu abin da yake so da abin da yake ɓoyewa, tunda aikin da littafin ya bar wa jagora yanzu ya dawo kanki. Idan kin gama, ki ba wanda bai taɓa karanta littafin ba ya buga a gabanki, ki yi shiru kada ki taimaka masa, ki rubuta duk inda ya yi ƙoƙarin yin wani abu wasan ya ƙi. Waɗannan wurare su ne za ki fara gyarawa kafin ki ƙara kogo na biyu.