Namiji da Gemu, Murya Siririya: Har Yanzu Ana Dandaƙe Mawaƙan Opera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a YouTube, wani Bature ƙato da gemunsa yana rera waƙar Italiyanci da murya siririya kamar ta mace. Abokina ya ce irin waɗannan mawaƙa dandaƙe su ake yi tun suna yara. Da gaske ne? In ba haka ba, ta yaya baligi yake fitar da wannan murya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya ji ƙanshin gaskiya, amma ya haɗa mutum biyu da ba ɗaya ba. Gemun da ka gani ma ya isa shaida, domin wanda aka dandaƙe kafin balaga gemu ba ya fito masa. Mutumin lafiyarsa ƙalau. Irinsa ake kira kantatena. Sai dai mai yiwuwa waƙar da ke bakinsa an rubuta ta ne don wancan da abokinka yake nufi, wato kastrato.

Abin ya faru da gaske a Italiya, daga ƙarni na 16 zuwa na 19. An hana mata waƙa a majami'u, a birnin Rum kuma an daɗe ba a barin su hawa dandamali. A 1589 Fafaroma Sixtus na Biyar ya sake tsara mawaƙan majami'ar Saint Peter, ya sa kastrato a cikinsu. Daga nan kasuwa ta buɗe. Iyaye, galibi talakawa, sukan miƙa yaro mai daɗin murya kafin muryarsa ta fashe, a yi masa aikin a ɓoye, daga baya a ce daga doki ya faɗo ko wata dabba ce ta cije shi. Kaɗan ne suka yi suna. Sauran sun ƙare a ƙananan majami'u, ba aure, ba zuriya, ba dukiyar da aka yi musu alkawari. Ban taɓa iya sauraron waƙoƙin nan ba tare da yaran nan sun faɗo mini a rai ba.

Ga abin da aikin yake yi wa jiki. A lokacin balaga sinadarin mazantaka yana faɗaɗa maƙogwaro, tantanin murya ya ƙara tsawo da kauri, murya ta yi ƙasa. Wanda aka dandaƙe, tantaninsa yana zama gajere kamar na yaro, amma ƙasusuwansa suna ci gaba da girma fiye da kima, har da haƙarƙari. Sai ka sami maƙoshin yaro a kan ƙirjin ƙato. Da aka tono gawar shahararren kastrato Farinelli a birnin Bologna a 2006, masu bincike sun tarar da dogayen ƙasusuwan gaɓoɓi kamar yadda ake zato. Ka ƙara da shekaru na horo tun yarinta wajen malamai irin su Nicola Porpora na Naples. Shi ya sa aka rubuta musu jimloli masu tsawon da kan ƙure numfashi, da salon nan na kama sauti ɗaya a hankali, a kumbura shi har ya cika zaure, sannan a mayar da shi kamar raɗa, duk a numfashi guda.

Kastrato su ne jaruman opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, ba 'yan rakiya ba. Kastrato Senesino ne ya fito a matsayin Kaisar a wasan Giulio Cesare na marubucin kiɗa Handel a Landan a 1724. Farinelli kuwa, wanda sunansa na yanka Carlo Broschi, ya bar dandamali a 1737 ya koma fadar Sifaniya yana yi wa Sarki Philip na Biyar waƙa.

Kantatena wata hanya ya bi dabam. Ya balaga, muryar maganarsa ta maza ce, sau da yawa ma mai kauri. Abin da yake yi shi ne abin da kowane namiji kan yi in yana kwaikwayon muryar yaro: ya miƙar da tantanin ya sirance, gefensa kawai ke kaɗawa. Kai ma gwada ka ji. Bambancin shi ne shi ya yi shekaru yana gina wannan siririyar murya har ta yi ƙarfi, ta yi gudu, ta haɗu da ta ƙasa ba tare da an ji ɗinki ba.

Bayan kastrato sun ƙare, waƙoƙinsu sun zama marayu. Da aka farfaɗo da wasannin Handel a Göttingen ta Jamus daga 1920, sai aka sauko da waƙar jarumi ƙasa aka ba masu kaurin murya. A ganina an yi ɓarna a nan, domin Handel ya rubuta muryar jarumi da ta masoyiyarsa su yi kusa, su riƙa gogayya, sauko da ɗaya kuwa ya raba su. Alfred Deller na Ingila ne ya fito da muryar kantatena daga majami'a zuwa gaban jama'a, har marubucin kiɗa Benjamin Britten ya rubuta masa matsayin Oberon, sarkin aljanu, a wani wasan opera a 1960. Muryarsa mai taushi ce, ba ta yaƙi ba. Na bayansa, irin su David Daniels da Andreas Scholl da Philippe Jaroussky, su suka shiga gonar kastrato sosai. A 2012 a birnin Nancy na Faransa aka dawo da wasan Artaserse na marubucin kiɗa Leonardo Vinci, wanda aka fara yi a Rum a 1730 ba mace ko ɗaya, da kantatena biyar a dandamali ɗaya.

To, muryar kastrato ce ta dawo? A'a. Masu shirya fim ɗin Farinelli na 1994 sun san haka, shi ya sa suka gauraya muryar kantatena Derek Lee Ragin da ta wata mawaƙiya, Ewa Małas-Godlewska, da kwamfuta, domin babu mutum ɗaya da ya cika faɗin da ake nema. Mata ma suna da haƙƙinsu a waƙoƙin nan. Handel da kansa yakan ba mace matsayin namiji, kuma faifan waƙoƙin kastrato mai suna Sacrificium na mawaƙiya Cecilia Bartoli na 2009 ba ya jin kunyar kowane kantatena. Abin da kantatena suka dawo da shi shi ne waƙar a inda aka rubuta ta, a bakin namiji, ba tare da an taɓa jikin ɗan kowa ba.

Kastrato ɗaya tak aka ɗauki muryarsa shi kaɗai a faifai: Alessandro Moreschi na majami'ar Sistine, a 1902 da 1904, ya rasu a 1922. Ba tauraron opera ba ne, na'urar ma ta lokacin ce, sautin cike da ƙaraf-ƙaraf. Duk da haka ka nemo ka saurara da abin sawa a kunne, sannan ka bi shi da kantatena Franco Fagioli a wasan Nancy. A muryar Moreschi za ka ji wani ƙarfi na ƙirji yana hawa sama kai tsaye, kamar yaro yana kira daga nesa. A ta Fagioli za ka ji baligi yana sauya hanya da gwaninta duk lokacin da ya gangaro ƙasa.