Me ya sa ake ba wanda aka yi wa dashen nama maganin tsinka jini?

Tambaya daga wani ƙauye a Ringim: Likita, ƙanena ya faɗi a babur, naman ƙaurinsa ya zaftare har ƙashi ya fito. An yanko nama a cinyarsa an dasa. Yanzu ana masa allura a fatar ciki, ana ba shi asfirin, wai don jini ya tsinke. Innarmu ta tsorata, ta ce mai sabon ɗinki ai tsayawar jini ake nema masa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Tsoron Inna yana kan hanya, sai dai wannan aikin daban yake.

Naman nan da jijiyoyinsa aka ciro shi, mai kawo jini da mai mayar da shi. Kaurinsu milimita 1 zuwa 3 ne, a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ɗinke su da na ƙafa, da zaren da ya fi gashi siranta. A bakin ɗinkin nan jini ya fi son daskarewa, kuma ɗan gudan jini ɗaya ya isa ya toshe hanya, naman ya mutu. Kwana uku na farko su ne mafi hatsari.

Asfirin ƙarami, galibi miligiram 75, yana hana ƙwayoyin da ke fara haɗa gudan jini mannewa da juna. Allurar cikin kuwa, mai yiwuwa heparin ce, wani maganin hana jini daskarewa. Tana kuma kare mai doguwar kwanciya daga gudan jini a ƙafa, wanda kan iya wucewa huhu.

Abin da ya fi damuna shi ne taimakon ’yan dubiya. Kada a sayo masa maganin ciwo irin diclofenac ko ibuprofen a kemis, kada a kawo jiƙo, don suna iya ƙara tsinka jinin. Idan jini ya tsinke fiye da kima, sai ya taru ƙarƙashin naman ya danne jijiyar da ake lallaɓawa. Kada kuma a ɓoye ƙwayar asfirin ɗin a ce ya sha. Taba sam, ko hayaƙin wani, domin tana matse jijiyoyi. Idan yana da olsa, a gaya wa likitansa yau.

Magani bai kai ido ba. Mai jinya ya riƙa duban naman: idan ya koɗe ya yi sanyi, jini ba ya shiga. Idan ya kumbura ya yi duhu, jini ba ya fita. Ko da tsakar dare ne a kira nas, don idan aka koma tiyata cikin ’yan sa’o’i ana iya buɗe jijiyar a ceci naman.